Amsa kan ciyawar da ke tsirowa a kan tagulla a Katanga

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari tambayarki. Kin ce wai da gaske ne akwai wata ciyawa dangin na'ana'a da ke nuna inda tagulla take a ƙarƙashin ƙasa, kuma in har tana iya rayuwa a kan guba, me zai sa a damu da kare ta? To, akwai ta. Bari in amsa da baki, rubutu zai yi tsawo.

Masana suna kiranta Haumaniastrum robertii. Tana kudancin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a yankin da aka sani da Katanga, wanda aka rarraba shi zuwa larduna huɗu a 2015. Idan kika duba ta da kyau za ki ga alamomin danginta: karanta mai kusurwa huɗu ne, ganyenta bibbiyu suna fuskantar juna, furen mai leɓe biyu, kowane fure kuma yana barin 'yan ƙwayoyin iri huɗu. Haka na'ana'a take, haka ɗoɗɗoya take. Dangi ne babba, wajen nau'i 7,000 a duniya. Ita wannan 'yar shekara ɗaya ce, ta tsiro da damina, ta yi fure, ta zubar da iri, ta bushe.

Wurin da take zaune shi ne abin mamakin. Yankin nan daji ne na itatuwa, wanda ake kira miombo. Amma kina cikin tafiya sai ki ga itatuwa sun yanke, ga wani tudu fetal, ciyawa zalla. Ba sara aka yi ba. Tagulla da wani ƙarfe mai suna kobalt da ke cikin ƙasar ne suka yi yawa, ninki ɗaruruwa a kan na ƙasar da aka saba, har saiwar bishiya ba ta iya jurewa. A kan waɗannan tuddai, daga wajen Lubumbashi zuwa Likasi, Tenke, Fungurume har Kolwezi, an ƙirga tsirrai sama da nau'i 500, wasu gommai daga cikinsu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Wani masani ɗan Beljiyam, Paul Duvigneaud, ya yi aiki sosai a kansu tun shekarun 1950.

Batun nuna tagulla kuwa, eh, haka ne. Tana da 'yar'uwa, Haumaniastrum katangense, wadda har masu binciken tarihi suka bi sawunta suka gano wuraren da mutanen zamanin da suka narka tagulla. A Zambiya ma masu neman ma'adinai sun daɗe suna lura da wata dangin ɗoɗɗoya, Ocimum centraliafricanum, saboda wannan dalilin.

Akwai abin da nake so ku riƙe, domin yana yawo a intanet ba tare da gyaransa ba. A 1977 an ruwaito cewa busasshen ganyen robertii yana ɗauke da kobalt kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Adadin ya girgiza masana. Sai a 2007 wasu suka sake auna tsirran yankin bayan sun wanke ganyen sosai, suka ga ƙurar ma'adinin da ta manne a jikin ganye ta kumbura alƙaluma da yawa na baya. Tana shan kobalt, babu shakka, amma a yi hattara da tsofaffin lambobi.

To yanzu ga ainihin tambayarki. Jure guba ba ya nufin tana iya zama ko'ina. A ƙasa mai lafiya manyan ciyayi da itatuwa sukan danne irin waɗannan tsirrai, su tare musu rana. Wasu masana ma suna ganin tagullar ce ke kare su daga funfunar da ke cikin ƙasa, kin san ai da tagulla ake haɗa wasu magungunan feshi na kashe funfuna. Wato gubar nan ita ce garkuwarsu. Kuma tudun da suke kai shi ne daidai abin da ake son haƙa. Kwango ce ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, wanda ke shiga batirin waya da na motocin lantarki. Haƙar kuma galibi ta buɗaɗɗen rami ce, ana kwashe tudun gaba ɗaya. Daji in ya ƙone yakan sake toho, amma tudun da aka kwashe ya tafi ke nan.

A yi adalci, su waɗannan Haumaniastrum ɗin suna da ɗan sauƙi, tun da 'yan shekara ɗaya ne, sukan sake tsirowa a kan ƙasar da aka tone. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne maƙwabtansu masu daɗewa, masu kaurin saiwa a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ke tohowa bayan gobara. Su shekaru masu yawa suke ɗauka kafin su kafu, wasu kuma a kan tuddai ƙalilan kawai suke.

Ana ƙoƙari. Masana daga Jami'ar Lubumbashi da takwarorinsu na Beljiyam sun tattara iri, an adana wasu a lambun tsirrai na Meise da ke Beljiyam. An kuma gwada ɗebe saman ƙasar tudu da irin da ke cikinta a kai wani wuri kafin a fara haƙa. Ina yaba wannan, wallahi. Sai dai iri a cikin firji ba ya haɗuwa da ƙwarin da ke kai masa ƙurar fure, ba ya ganin gobarar rani, ba ya zama da ƙwayoyin halittar ƙasarsa. Shi ya sa a ganina dole a bar wani sashe na tuddan yadda yake, a rubuta hakan a cikin sharuɗɗan lasisi tun kafin a kawo motocin haƙa. Tsirran nan ma za a buƙace su daga baya, domin ƙasar da haƙa ta gurɓata ba kowane tsiro ne zai yarda ya rufe ta ba.

Wanda ke da ƙarin tambaya ya turo, zan amsa in sha Allahu. Na gode.