Mu ba agaji ne ya kawo mu Sudan ba

Malam, ka tambaya ko ƙungiyoyin agaji ne suka zaunar da mu Hausawa a Sudan, da ko muna auratayya da Larabawa. Na yi dariya, amma ta ciki na ciki. Kakanninmu da ƙafa suka zo, wasu a hanyar Makka guzuri ya ƙare, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Ko bargo babu wanda ya miƙa musu.

Waɗanda kake nufi mutanen Habasha ne da Eritiriya, kuma a idonmu aka yi komai a nan Gadarif, gabashin Sudan. Numeiri soja ne da ba a ja da shi, ya riƙe ƙasar daga 1969 zuwa 1985, amma a 1974 ya yi dokar ba da mafaka, iyaka ta zauna a buɗe. Ban ce babu tausayi ba, sai dai baitulmali ya bushe, ga hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin Turawa suna shigowa da dala da motoci da buhunan alkama. Wa zai kori baƙon da ya zo da cefanensa? Har taro aka kira a Khartoum a 1980 don neman kuɗi da sunansu. Duk da haka dokar ta hana su mallakar fili, kuma ba sa barin inda aka ajiye su sai da takarda.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na Baba. Bahabashe ya iso sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba a ba shi kati, shi kuwa da aka binne cibiyarsa a garin nan ya yi shekaru yana safa da marwa neman jinsiyya, wato takardar ɗan ƙasa, wai sai ya tabbatar kakansa yana ƙasar kafin 1898. Yana faɗin sunansa a ce, "Fallata ne," sunan da ake kiran mu 'yan asalin Afirka ta Yamma. Ina tuna shi da takardun cikin leda a aljihun jallabiyya, gefensu duk ya cinye. Mu ba mu da Bature mai buga mana tebur.

Batun aure da Larabawa kuma, eh, muna yi da su. Gwaggona Balarabe ta aura, dangi suka yi shekara biyu ba sa taka gidanta, yau 'ya'yanta ne ke kai Baba asibiti. Hausarmu ta sha Larabci, na yarda, ku ma taku ai ta sha Turanci. Ka zo Gadarif da yamma ka tsaya wurin mai agashe, wato tsiren nan ƙasar, ka ji da wane harshe ake ciniki.