Me zanen alwatika ke nufi a adon duwatsun Zulu?

Tambaya: Malam, 'yar'uwata ta kawo mini tsarabar abin wuya na duwatsu daga Afirka ta Kudu, duk zanen alwatika ne a jiki. Mai sayarwa ya ce mata wai wasiƙa ce. Da gaske ana karanta shi?

Amsa: Malama, bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗan ƙara gishiri. A wurin Zulu na lardin KwaZulu-Natal, mata ne ke saƙa duwatsun, kuma budurwa kan ba saurayinta ɗan saƙi mai kusurwa huɗu ya rataya a wuya. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne kusurwa ukun alwatika uba ne da uwa da ɗa. Alwatika tilo tana nufin wanda bai yi aure ba, inda tsininta ya fuskanta kuma shi ke bambance saurayi da budurwa. In biyu suka haɗa gindi, tsini sama da ƙasa, matar aure ke nan. In suka haɗu ta tsini, tsakiya ta tsuke kamar kalangu, to magidanci ne.

Launi ma na magana. Fari tsarkin zuciya ne da soyayya, ja kuwa yana iya zama tsananin so, yana iya zama fushi, ya danganta da launin da ke maƙwabtaka da shi.

Amma kada ki ɗauka haruffa ne da kowane ɗan Zulu zai karanta. Ma'anar takan sauya daga yanki zuwa yanki. A Msinga, alal misali, jerin launuka ya fi nuna daga ina mutum ya fito. Su kansu duwatsun gilashin fatake ne suka riƙa shigo da su daga Turai, musamman Benis da Bohimiya, suka yawaita a ƙarni na 19.

Ƙabilar Ndebele ta lardin Mpumalanga, a can Afirka ta Kudun, ta ma fi fito da shi fili cewa zanen ba haruffa ba ne. A wurinsu yankan tufar duwatsun da mata ke ɗaurawa a ƙugu ke faɗin matsayi: isiphephetu na budurwa ne, ijogolo mai harsuna biyar na matar aure. Zanen jiki kuwa sau da yawa gida ne, ko reza, ko jirgin sama, abin da mai saƙar ta gani ya burge ta.

Naki, tunda a kasuwar baƙi aka saye shi, na fi zaton don kyau aka saƙa shi, ba don a aika wa wani saƙo ba.