Dasashina yana jini, me zan saya?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan baki suke, toh bari mu fara.

Wani ɗan'uwa daga Zariya yace duk safiya in ya goge baki sai yaga jini a kumfa, ko ya sayi burushi mai tauri ne? A'a malam, mai laushi zaka saya, mai taurin ƙara yanka dasashi yake. Asuwaki ma yana aiki in kana yanke kansa akai-akai. Amma ka gane daga ina jinin yake. Akwai wani datti fari mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori daidai inda ya haɗu da dasashi, ka kankara da farce zaka gani, wannan tarin bakteriya ne, wato ƙwayoyin cuta. Jiki na ganinsu sai ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, shi yasa wurin ke kumbura yayi ja. In aka bar dattin sai ya daskare kamar dutse, burushi baya iya cire shi, faɗan kuma yaci gaba shekara da shekaru, kuma yawancin ɓarnar garkuwar jikinka ce da kanta ke yi, garin kashe ƙwayoyin sai ta riƙa cinye ƙashin da ya riƙe haƙorin har kaga haƙori ba rami ba komai ya fara girgiɗa. Kar ka daina gogewa don kaga jini, sau biyu a rana. In sati biyu bai tsaya ba kaje asibitin haƙori a yi maka wanki, in kana da ciwon suga a auna shi ma don su biyun suna zuga juna.

Wani kuma yana tambaya tsakanin Flagyl da Ampiclox wanne yafi ƙarfi, don mai kemis ɗin layinsu yana bashi kowanne guda huɗu in dasashi ya kumbura. Wallahi wannan abu yana min ciwo. Ƙwayoyin cutar nan a cikin dattin da ya manne suke ɓoye, magani baya ratsa su sosai, ka sha kwana biyu kumburi ya lafa ka ɗauka ka warke, bayan wata ya dawo ka sake komawa kemis, dutsen yana nan inda yake, ƙashi yana ta zaizayewa, kai kuma kana koya wa ƙwayoyin cutar jikinka yadda zasu jure maganin. Ranar da zaka buƙace shi da gaske sai yaƙi aiki. Kuma ka tara kuɗin da ka zubar a shekara a hakan ka gani. Bana ma son fara maganar masu cire "tsutsar haƙori" a tasha, babu wata tsutsa a haƙorin mutum, kuɗinka kawai suke ci.

Mai tambayar hodar gawayi ta Facebook mai sa haƙori fari a kwana uku: kar ki saya, kankare haƙori take. Ki nemi man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) da lambar NAFDAC, shikenan.

Sai wata uwa daga Gusau, ɗanta ɗan shekara uku ya tashi daga ƙyanda, yanzu dasashinsa ya kumbura, baki na wari, yaƙi cin abinci, tana so in faɗa mata maganin kurkure baki. 'Yar'uwa Allah ya bashi lafiya, kinyi daidai da kika damu. Yana iya zama ƙurajen bairos da yara ke yi su warke cikin sati biyu, amma ƙyanda tana karya garkuwar yaro, kuma daga irin wannan kumburin ne cutar noma mai cin kunci ke farawa, tana gudu cikin kwanaki. A Sakkwato akwai asibitinta na musamman tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2023. In aka tare ta da wuri tana jin magani. Dan Allah kar ki sayi komai, ki kai shi asibiti yau ɗinnan, ki riƙa bashi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan a hanya.