Sugan Inna ya hau tun da aka fara mata kemo, mu dakatar ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, daga Daura nake. Innarmu ce ke da ciwon dajin nono, duk bayan sati 3 muna kai ta Katsina ana mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Bata taɓa ciwon suga ba, amma yanzu ƙishirwa ta dame ta, ga fitsari ba iyaka da daddare, ƙafafunta kamar ana tsira mata allura. Mun auna sugan a kyamis da la'asar ya nuna 16. Kawu ya ce suga shi ne abincin dajin, a hana ta tuwo da shinkafa, a bar kemon a koma ruwan shuwaka da zuma. Dan Allah hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne. Kar ku dakatar da komai da kanku, amma kuma 16 ba lambar da za a zauna da ita a gida ba ce, duk abin da ya kai 11.1 a ma'aunin suga na mmol/L tare da ƙishirwa da yawan fitsari sai likitanta ya sani tun kafin ranar zagayen kemo na gaba.

Mafi yawanci abin da ke ɗaga sugan shi ne deksametason da ake haɗawa da kemon don hana amai da borin jiki, wannan dai da mata ke saye a ɓoye don ƙiba ana ce masa sha ka fashe. Yana sa hanta ta riƙa sako suga cikin jini, insulin ɗin jiki kuma ya rage tasiri, kuma aikinsa kan kai kwana 2 zuwa 3 bayan an sha. Halinsa shi ne da safe kafin a karya sai ki ga awo lafiya lau, daga azahar zuwa isha kuma ya yi sama. Don haka awon la'asar ɗin da kuka yi shi ne daidai, da da asuba kuka tsaya da ya ruɗe ku.

Dalilin da ya sa muke tsoronsa kuwa, kemo da ma yana karya fararen ƙwayoyin jini musamman a sati na biyu, suga mai yawa kuma yana ƙara kashe wa 'yan da suka rage ƙarfi, sai ƙaramin ciwon mafitsara ko farin nan da ke fitowa a harshe ya zama babban abu, wurin tiyata ya ƙi haɗewa. Yawan fitsarin yana tsotse ruwan jiki, ƙoda ta wahala, alhali ita ce ke fitar da wasu magungunan. Tsirar ƙafa kuma magani irin su paklitaksel shi kaɗai yana jawo ta, suga ma yana cin jijiya, in suka haɗu abin ya fi tsanani, wani lokacin dole a rage magani ko a ɗage zagaye.

To maganar Kawu, da girmansa da komai, ita ce ke ci min rai don kullum sai na ji ta. Wai suga ne abincin daji, a hana majinyaci ci dajin zai mutu da yunwa. Eh ƙwayoyin daji na cin suga, to ƙwaƙwalwar Inna ma da shi take aiki, kuma ko kin hana ta tuwo kwata-kwata jikinta zai narka tsokarta hanta ta ƙera sugan, dajin ya samu rabonsa ita kuma ta ƙare. Muna ganinsu ana kawo su sun zama ƙashi da rai, jini ya yi ƙasa, ba halin a ɗaura kemo ranar sai a ce ku koma sai wani satin, shi kuwa ciwon bai tafi hutu ba. Sannan abin takaici gidan da aka hana tuwon dawa shi ne ake ɗirka mata zuma cokali-cokali wai ai zuma ba suga ba ce, 'yan dubiya su zo da katan ɗin lemo, a haɗa mata maltina da madara wai ƙarin jini. Zuma na da falalarta ba mai musu, amma na'urar awo ba ta bambanta ta da sikari. Su kuma masu motar lasifika ranar kasuwa da jarka ɗaya ke maganin daji da suga da basir da sanyi, wallahi su ji tsoron Allah, ba wanda ya san abin da ke cikin jarkar nan, hanta da ƙodar da ke fama da kemo ake ƙara ɗora wa kaya, in ta rikice kuma ba a ganin ƙeyarsu, mu ake kawo wa da tsakar dare. Mace ta yi zagaye 3 ƙarin ya fara motsewa a janye ta wata 4 a dawo da ita ya fashe, sannan a ce asibiti sun kasa. Haƙƙin rai ne fa, duk wanda ya ba da shawarar da bai da iliminta sai ya amsa tambaya gobe kiyama.

Kuma kar ku ɓoye ƙwayoyin deksametason ɗin ku ce an sha. Likita na iya rage shi ko ya ba ta maganin suga, ko insulin na 'yan kwanakin nan kawai, ba wai in an fara shi kenan har abada ba, da yawa sugansu na sauka bayan an gama kemo. Kar a ara mata maganin sugan maƙwabciya, ranar da take amai bata ci ba zai iya faɗar da sugan nata ƙasa da 4.

Ta ci tuwonta daidai misali da miyar ganye, wake, ƙwai, kifi, fura ba sikari, ruwa da yawa. Ku sayi na'ura ku riƙa aunawa da safe da kuma awa 2 bayan abincin rana, musamman kwana 3 na farko bayan kemo, ku rubuta a littafi ku je da shi. In zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko suga ya ƙi sauka ƙasa da 15, ko tana amai ba tsayawa ko ta fara sambatu da yawan barci, ku wuce babban asibitin Daura a daren, ku gaya musu tana kan kemo da ranar da aka yi mata na ƙarshe.