Agogon zafin giya a Sienna: ina za a ɗaura shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar fasinja da Sienna ƙirar 2005 tsakanin Abuja da Jos. Bara giyata ta ƙone a Hawan Kibo, alhali allurar zafin inji ba ta motsa ba, kuma har yau ban gama biyan bashin wadda na sa ba. Na sayi agogon auna zafin giya don kada a maimaita. Ina za a ɗaura sensarsa, kuma lamba nawa zan gani in tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Wannan allurar da ka dogara da ita ruwan inji take aunawa, ba ta san halin da man giya yake ciki ba.

Wuri biyu ake sa sensa. A kwanon giya za ka ga matsakaicin zafin man. A tiyon da ke fitar da mai daga giya zuwa lagireto kuwa za ka ga mafi zafinsa, kuma nan na fi so ga mai hawan tudu da cikar mota, don shi ke fara nuna matsala. Kada a sa a tiyon dawowa, man ya riga ya huce. Wutar agogon a ɗauko ta daga layin makulli, da fiyus. In sensar mai waya ɗaya ce, a ja mata waya zuwa bodi, tunda tiyon roba ne, lantarki ba ya bi ta jikinsa. Digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Celsius lafiya lau ne. A kan tudu zai ɗan haura. In ya doshi 120, nemi gefen titi, sa giya a P, bar inji yana aiki man ya zagaya.

Amma kafin ka taɓa agogon nan, durƙusa ka leƙa ƙasan lagireto. Ka ga ƙananan bakuna biyu? Akwai tiyo a jikinsu? Ina tambaya ne don kusan kullum sai an kawo mini mota an zare tiyoyin nan an haɗe su da juna da guntun bututu da waya, wai lagireto ne ke dafa man giya. Wa ya koya musu wannan? Man da ya fito daga giya a kan tudu ya fi ruwan ƙasan lagireto zafi nesa ba kusa ba, ruwan nan shi ke kwashe masa zafin. Da an haɗe tiyoyin, man zai yi ta zagaye da zafinsa har ya yi baƙi, ya fara ƙauri, farantan ciki su soma sulɓi. Motar za ta yi makonni lafiya a cikin gari, shi ya sa mai wannan aika-aikar ba ya taɓa ganin laifinsa. Ranar da abin zai faru yana garejinsa, kai ne a tsaye bakin dutse da fasinja da mata da yara, rana tana faɗuwa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin haƙƙin mutane ne a wuyanmu.

In lagireton ne ya fashe ta ciki har ruwa ya gauraya da mai, a canza shi. In ƙarin sanyi kake so, a ƙara ƙaramar kula, wato ɗan lagireton sanyaya man giya, a bayansa, man ya bi ta lagireto tukuna. Sannan ka zaro sandar awon man giya ka goga a farin ƙyalle: ja ya kamata ka gani, kuma man Toyota mai lamba T-IV ne man wannan giyar.