Amsa ga yarona kan koyar da haɗa taki a unguwa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa har yanzu kake tsintar leda da gwangwanin tumatir a bokitin ɓawon da muke ɗebowa daga rukunin gidajen nan na Birnin Kebbi, alhali sau biyu ka tara mazauna ka yi musu bayani. Magidanta ka tara a ƙofar masallaci bayan la'asar, kuma ba su ne suke fere doya ko fitar da shara ba. Wannan aikin matan gida ne da yaran da suke aike, kuma tunda kai ba ka shiga gidajen aure, sai ka nemi dattijuwar da suke jin maganarta, ka koya mata, ita ta isar musu.

Kada ta kawo musu batun ware ɓawon kamar baƙon abu. Tun fil'azal mata suna shanya ragowar tuwo saboda kaji, suna ware dusa domin tumaki. Abin da muke roƙo kawai bokiti guda ne na ɓawon doya da na albasa, ruɓaɓɓen tumatir da tsintar ganye. Nama, ƙashi da miya mai maiƙo kada su shiga, domin su ke jawo wari da ɓeraye, kuma ranar da gida ɗaya ya ga ɓera a gindin katanga, layin gaba ɗaya zai janye.

Daga nan sai a kawo su bakin ramin da muke haɗa takin su gani da idonsu. Ka shimfiɗa ɗanyen ɓawo, ka rufe da buntun shinkafa, wanda a Kebbi ba ma rasa shi a wajen masu casa, ka ƙara ɗan kashin awaki, sannan ka yayyafa ruwa daidai yadda idan ka damƙa zai dunƙule ba tare da ya zuba ba. Bayan 'yan kwanaki kowa ya cusa hannu ya ji ɗumin, domin zafin cikin yakan kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, shi ne kuma yake kashe irin ciyawa. Ka riƙa juyawa duk mako 2, kuma a zafin Maris da Afrilu ka lulluɓe da buhu, in ba haka ba ya bushe ya tsaya.

Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Buhun farko kada ka kai wa masu lambu. Ka raba wa gidajen da suka fi tsabtace bokitinsu, su zuba a gindin zogalensu.