Amsa ga mai tambaya kan hango canji tun bai fito fili ba

'Yar'uwa, kin ce cinikinku yana ja da baya kaɗan-kaɗan, kin faɗa wa shugabanku ya ce yanayi ne zai wuce, shi ya sa kike tambayar yadda manyan 'yan kasuwa ke hango canji kafin kowa. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don na sha irin wannan.

A kamfanin sayar da tikitin jirgin sama na yi aiki, ni ke karɓar kwastomomi. Sai na lura wasu suna shigowa da waya a hannu, su tambayi farashi, su leƙa allon wayar, su ce bari su yi shawara, shi ke nan ba za ka sake ganinsu ba. Babu faɗa, babu ƙorafi. Na rubuta abin da nake gani na kai taro. Manajanmu ya ɗaga takardar sama a gaban kowa ya ce, "To ga boka ya zo mana da labarin gobe." Aka kwashe da dariya, har da waɗanda suka gaya mini a ɓoye cewa su ma sun lura. Ya ninke takardar ya ɗora kofin shayinsa a kai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Da ciniki ya karye, mu ƙananan ma'aikata aka fara sallama, shi kuwa ya samu wani wurin ya koma, ko sannu bai ce wa kowa ba.

Ni dai abin da na gani, labarin canji wurin na ƙasa yake fara isowa, shugaban da ake yaba wa hangen nesa shi ne wanda ya saurare su. Injiniyan Kodak ne, kamfanin kayan ɗaukar hoto na Amurka, mai suna Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital tun 1975, amma ribar fim ɗin ɗaukar hoto ta rufe wa manya ido, a 2012 kamfanin ya bayyana karyewarsa. Fujifilm da ke sana'a ɗaya da su ta karkata zuwa kayan asibiti da magunguna, ga ta nan da ranta. A 1985 kuma, da kamfanonin Japan suka matsa wa Intel, kamfanin ƙera kayan cikin kwamfuta, ɗaya daga shugabanninsa, Andy Grove, ya tambayi ɗayan, Gordon Moore, abin da sabon shugaba zai yi in aka kore su. Amsar ita ce zai bar ƙera ma'adanar bayanai, sai suka bari da kansu suka koma kan ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sarrafa bayanai, wato microprocessor.

Don Allah ki nemi kwastomomin da suka daina zuwa, ki kira su ki tambaye su ina suka koma, me aka ba su a can. Ruwa ba ya tsami banza. Ki riƙa rubuta duk abin da aka nema ba ku da shi. Kuma kada ki kai maganar cikin taro, mutum mai girman kai ba ya karɓar gaskiya a gaban jama'a. Ki same shi shi kaɗai da lissafi a hannu, ki roƙi a bar ki ki gwada sabuwar hanyar da kuɗi kaɗan. In ya sake yi miki dariya, ki fara gyara takardunki tun albashi yana shigowa, musamman in akwai masu dogaro da ke. Allah ya dafa miki.